Babi na Shida: Ruwan Teku da Haihuwar Dutsen Giranit

A babin da ya gabata mun bayyana cewa ɓawon duniya ba dunƙulallen abu guda ba ne, alluna ne manya-manya da ke tafiya sannu a hankali bisa ƙudurar Mahalicci, wani ya rabu da wani, wani ya gogi gefen wani, wani kuma ya sunkuya ya shige ƙarƙashin maƙwabcinsa. To, mas'alar da za mu yi bahasi a kanta yanzu ita ce abin da ke aukuwa a inda allon da ke ɗauke da teku ya nutse ƙarƙashin allon da ke ɗauke da nahiya, domin a irin wannan wuri ne, can ƙarƙashin jerin duwatsu masu aman wuta, ake samar da kaso mai yawa na dutsen da masana ke kira giranit, wanda shi da danginsa su ne ginshiƙin tudun da bil Adama ke noma da gini a kansa. Abin da mai karatu zai tarar kuwa, in ya yi haƙurin bin zancen daki-daki, shi ne cewa wannan busasshen dutse, wanda ƙarfe ke tartsatsin wuta in ya sare shi, da ba domin ruwa ba da bai samu da irin wannan yawa ba, ruwan ma na teku.

Siffar dutsen da abin da ta ƙunsa

Tun da ba a yin hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba, bari mu fara da dutsen kansa. Wanda duk ya ɗauki guntun giranit sabon fashi, ya jujjuya shi a hasken rana, zai ga ƙwayoyi ne iri-iri suka sarƙe da juna ba tare da rami ko wani abin liƙi a tsakaninsu ba: akwai masu sheƙi, ruwan toka-toka, su ne kwats, wato ƙanƙarar dutse, akwai farare ko masu jaja-jaja, waɗanda suka fi kowa yawa, su ne feldisfa, akwai kuma baƙaƙe, waɗansu masu ɓarewa falle-falle da ake kira maika, waɗansu dogaye da ake kira hombilen. Suratu Faɗir ta jawo hankalin masu tunani zuwa ga saɓanin launukan duwatsu, ga shi kuwa ana samun wannan saɓani a tattare cikin guntun da bai cika tafin hannu ba. Girman ƙwayoyin nan, har ido ya rarrabe su ba da madubin ƙara girma ba, shi ne dalili na farko a kan cewa dutsen ya daskare ne a hankali, cikin dubban shekaru, a wani wuri mai zurfi inda zafi ba ya saurin fita. Gama da a ce narkakken dutsen ya fito sarari ya huce cikin kwanaki, da ƙwayoyin ba su sami zarafin girma ba.

In aka koma ga awon sinadarai, abin da ya fi rinjaye a cikin giranit shi ne silika, wato haɗin silikon da oksijin, wadda takan kai kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ko ta haura. Baƙin dutsen da ya shimfiɗe a ƙarƙashin tekuna, wanda ake kira basalti, silikarsa wajen kashi 50 ce. Ƙarƙashin ɓawon duniya kuwa akwai wani ƙaƙƙarfan jiki mai duhu da nauyi, wanda ya kai zurfin kilomita 2,900, ana kiransa mantil, silikarsa ba ta wuce wajen kashi 45 ba. Kuma kada mai karatu ya zaci narkakke ne, daskararre ne, sai dai tsananin zafi ya sa yana iya motsi sannu-sannu bisa tsawon zamani. Giranit ya ninka ruwa nauyi sau 2.7, basalti sau 3, mantil kuwa sau 3.3, kuma wannan 'yar rata ita ce sababin da ya sa nahiyoyi ke zaune a sama ba su nutsewa, har ana samun dutsen da ya kai shekara biliyan 4 a arewacin Kanada, alhali kuwa ƙasan tekuna, saboda yana komawa cikin mantil, da ƙyar ake samun wanda ya kai shekara miliyan 200. Tambayar ke nan da ta daɗe tana damun masana: ta wace hanya duniyar da cikinta baƙi ne mai nauyi, mai ƙarancin silika, ta fitar da farin dutse maras nauyi, mai yalwar silika, har ya isa ya zama nahiyoyi?

Saɓanin malamai

Tun da daɗewa masu hikima ke tunani a kan asalin duwatsu. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi sharhi a cikin littafinsa Al-Shifa a kan yadda laka ke ƙeƙashewa ta zama dutse, da yadda girgizar ƙasa ke ɗaga tudu, ruwa da iska kuma su zaizaye shi. Amma jayayya a kan giranit kansa ba ta yi zafi ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Abraham Werner, malamin makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a Jamus, ya karantar da almajiransa cewa giranit ya kwanta ne daga ruwan wani tsohon teku da ya taɓa lulluɓe duniya baki ɗaya. James Hutton, mutumin Sikotilan, ya saɓa masa, ya tafi a kan cewa wuta ce asalinsa. A shekarar 1785 kuwa ya sami hujjarsa a kwarin Glen Tilt, inda ya ga jijiyoyin jan giranit sun kutsa cikin tsagogin wani dutsen da ya girme su, abin da ba zai yiwu ba sai in giranit ɗin ya shiga ne yana narkakke.

Saɓanin ya sake tasowa da wata fuska a tsakiyar ƙarni na 20. H. H. Read na Ingila da mabiyansa suka ce tarin giranit ya yi girman da ba a san inda za a sama masa wuri a cikin ɓawon duniya ba in narkakke ya zo, saboda haka lalle tsofaffin duwatsu ne suka rikiɗe suka zama giranit a inda suke, ba tare da sun narke ba. Norman Bowen kuwa, wanda ke gwaje-gwajensa a ɗakin binciken Carnegie da ke Washinton, ya tsaya a kan narkewa. Aikin da ya yi tare da Frank Tuttle, wanda aka buga a 1958, shi ya rinjayar da mizani, domin sun nuna cewa in aka haɗa kwats da feldisfa da ruwa, aka matsa su da nauyi irin na cikin ƙasa, sukan fara narkewa tun zafi bai wuce digiri 650 zuwa 700 a ma'aunin Salsiyas ba, kuma ruwan dutsen da ke fara fitowa, awon sinadaransa ya yi daidai da na galibin giranit ɗin da aka tattaro daga sassan duniya. Daga nan aka san cewa ba a kan banza giranit ya zo da wannan haɗi nasa ba: shi ne abin da ke fara narkewa in an ɗumama ɓawon nahiya, shi ne kuma abin da ke saura a narke in kome ya daskare. Saura a san inda ruwan da zafin ke fitowa.

Abin da ke gudana ƙarƙashin duwatsun Andis

Babu inda ya fi dacewa a nemi amsa kamar gaɓar yammacin Amurka ta Kudu, inda duwatsun Andis suka miƙe wajen kilomita 7,000 daga Benezuwela har ƙarshen Cile. A cikin Tekun Fasifik, daura da gaɓar Peru da Cile, akwai wani dogon kwazazzabo wanda zurfinsa ya zarce mita 8,000, a nan ne allon Nazka ke sunkuyawa yana shiga ƙarƙashin nahiyar, da saurin da bai wuce wajen santimita 7 a shekara ba. Wannan tafiya ta sannu ita ce ta haifar da girgizar ƙasar Baldibiya ta 1960, wadda ba a taɓa auna wadda ta fi ta ƙarfi ba, ita ce kuma ke ciyar da jerin duwatsu masu aman wuta, tun daga Nebado del Ruyis na Kolombiya, wanda ambaliyar lakarsa ta hallaka mutum fiye da 23,000 a 1985, har zuwa Ohos del Salado mai tsawon mita 6,893 a kan iyakar Cile da Ajantina. Masu auna girgizar ƙasa sun lura da wata ƙa'ida da ke maimaituwa a nan da Japan da Indonisiya da sauran wurare: duwatsun masu aman wuta sukan jeru ne a daidai inda allon da ya nutse ya kai zurfin kilomita 100 ko ɗan fiye.

Sababin wannan ƙa'ida shi ne ruwa. Allon teku ya shafe shekaru miliyoyi yana kwance ƙarƙashin ruwan gishiri, ruwan ya ratsa tsagoginsa, ya shiga cikin ginin ma'adinansa har ya zama wani ɓangare na jikinsu. Akwai wani koren ma'adini mai santsi da ake kira safentin, wanda wajen kashi 13 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Idan allon ya yi nisa da nutsewa, zafi da matsi suka tsananta, sai waɗannan ma'adinai su rushe, su saki ruwansu, ruwan kuma ya haura ya shiga mantil mai zafi da ke tsakanin allon da ya nutse da nahiyar da ke sama. Kowace mai dafa wake ta san cewa in ta jefa 'yar kanwa a tukunya, waken zai yi laushi da wuri alhali ba ta ƙara ko itace ɗaya a murhu ba. Haka ruwa ke yi wa mantil, yana tsinka igiyoyin da suka ɗaure silikon da oksijin, sai dutsen da ya jure wa zafinsa yana busasshe ya fara narkewa, ba domin an ƙara masa zafi ba, sai domin haddin narkewarsa ya sauko da ɗaruruwan digiri. Akwai kuma hujja ta kishiya da ke ƙarfafa wannan bayani, wato a tsakiyar Peru da wani yanki na arewacin tsakiyar Cile, inda allon Nazka ya miƙe a kwance yana manne da gindin nahiyar, babu mantil mai zafi a tsakani, sai ga shi babu dutse mai aman wuta ko ɗaya da ke raye a wuraren, ko da yake nutsewar ba ta tsaya ba.

Sai dai abin da mantil ke bayarwa in ya narke basalti ne, mai zafin wajen digiri 1,200, ɗauke da ruwa kimanin kashi 4 cikin 100, tsakaninsa da giranit kuwa da sauran tafiya. Narkakken basaltin yakan haura har ya iso gindin ɓawon nahiya, a nan sai ya tsaya, domin abin da ke bisansa ya fi shi rashin nauyi. A wannan zango abubuwa biyu ke gudana lokaci guda. Na farko, yayin da yake hucewa, ma'adinai masu baƙin ƙarfe da maginiziyam da kalsiyam su ne ke fara daskarewa, su kwanta a ƙasa, su bar ruwan dutsen da ya rage yana ta ƙara silika da sodiyam da fotasiyam, daga basalti ya zama andisait mai silika wajen kashi 60, wanda aka raɗa wa suna daga duwatsun Andis ɗin, daga nan kuma ya ci gaba da tacewa. Na biyu, zafin da yake fitarwa yakan narkar da wani sashe na ɓawon nahiyar da ke kewaye da shi, abin da ke fara fitowa kuwa, kamar yadda Tuttle da Bowen suka tabbatar, mai kama da giranit ne, sai biyun su gauraya. Wes Hildreth da Stephen Moorbath, da suka bi duwatsu masu aman wuta na tsakiyar Cile ɗaya bayan ɗaya, sun bayyana a 1988 cewa duk sa'ad da aka ƙara yin arewa, inda ɓawon nahiyar ke ƙara kauri, alamar tsohon ɓawo a cikin aman duwatsun sai ta ƙara bayyana, alhali allon da ke nutsewa ƙarƙashinsu guda ne. Wannan ya nuna cewa a gindin nahiya ake yin narkarwa da haɗiyewa da ajiyewa da cakuɗawa, kafin a tura abin da aka samu zuwa sama.

Dalilin tsayawarsa a cikin ƙasa

La'alla mai karatu ya tambaya: in haka ne, me ya hana wannan narkakken dutse fitowa duka ta bakin duwatsu masu aman wuta? Amsa ita ce ruwan da ya narkar da shi, shi ne kuma ke tsayar da shi. Muddin yana can ƙasa, nauyin da ke kansa na tilasta wa ruwan zama a cikinsa. Da ya hauro zuwa zurfin kilomita 5 zuwa 15, matsi ya ragu, sai ruwan ya fara ficewa, da ficewarsa kuwa sai haddin narkewa ya koma sama, dutsen ya yi kauri, ya cika da ƙwayoyi, ya daskare a hanya. Wanda ya kuɓuce ya iso sarari yakan fito ne da fashewa mai tsanani da toka, kamar yadda Wainafutina ya yi a kudancin Peru a shekarar 1600, amma mafi yawa a ciki yake zama.

Bayan shekaru miliyoyi, idan ƙasa ta ɗaga, ruwan sama da ƙanƙara suka kankare duwatsun aman wutar da ke bisa, sai abin da ke baɗini ya koma zahiri. Haka aka sami tarin giranit na gaɓar Peru, wanda Wallace Pitcher na Jami'ar Libaful da John Cobbing da abokan aikinsu suka shafe shekaru suna zana taswirarsa: tsawonsa wajen kilomita 1,600, ya ƙunshi ɗaruruwan dunƙule daban-daban da suka shiga ɗaya bayan ɗaya tun daga wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, har tsawon shekara miliyan 60 da ɗoriya. Haka kuma duwatsun Siyera Nebada na Kalifoniya, masu tsawon wajen kilomita 640, su ne tushen wani jerin duwatsun aman wuta da ya yi tashe tsakanin shekara miliyan 120 da 85 da suka wuce, sa'ad da allon Faralon ke nutsewa ƙarƙashin Amurka ta Arewa. Katangar El Kapitan da ke kwarin Yosemiti, mai tsayin wajen mita 900, wani yanki ne na wannan tushe. Galibin dutsen da ke cikin irin waɗannan taruka ma ba giranit ne tsantsa ba a ƙa'idar masana, danginsa ne da suka ɗan fi shi duhu da kalsiyam, wato tonalait da giranodayorait, su ne matakan da ke tsakanin andisait da giranit.

Mas'alar wuri da Read ya kafa hujja da ita kuwa ta sami warwara daga wata 'yar ƙwaya da ake kira zirkon, wadda ke kama yuraniyam lokacin da take girma, yuraniyam ɗin kuma ya riƙa rikiɗa yana zama darma bisa wani ƙayyadadden sauri, har a iya lissafa shekarunta. Da aka auna zirkon na dunƙulen Tuwolumi da ke Yosemiti, aka buga sakamakon a 2004, sai aka ga gefensa ya girmi tsakiyarsa da wajen shekara miliyan 10, wanda ke nufin ba a taɓa samun wani makeken tafkin narkakken dutse da ya cika wurin a lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan aka yi ta ƙarawa, na baya ya tarar da na gaba ya fara daskarewa. Wannan aiki bai ƙare ba har yau, domin a kudancin Boliviya taurarin ɗan Adam sun auna dutsen Uturunku yana ɗagawa wajen santimita 1 a shekara, ƙarƙashinsa kuma girgizar ƙasa ta nuna wani faffaɗan jiki mai ɗan narkewa, wanda masana da yawa ke ganin tarin giranit ne ake cikin ginawa.

Shaidar sinadarai

Abin da ya fi ƙayatarwa a wannan fanni shi ne cewa dutsen yana riƙe da shaidar nasabarsa ko bayan duwatsun aman wutar da tekun da allon da ya nutse duk sun shuɗe. Shaida ta farko tana ga ma'adinansa. Hombilen ba ya tsirowa sai a narkakken dutse mai wadatar ruwa, saboda haka yawansa a giranit ɗin Peru da Kalifoniya alama ce ta jiƙaƙƙen asali. Kuma da yake ruwan da ke fitowa daga allon teku na zuwa da ƙarin oksijin, baƙin ƙarfe yakan fita da wuri ya zama ƙwayoyin maginatait, har maganaɗisu kan kama garin irin wannan dutse. Bruce Chappell da Allan White, bisa nazarin da suka yi a kudu maso gabashin Ostiraliya, sun raba giranit gida biyu a 1974: wanda ya fito daga narkewar dutsen wuta, da wanda ya fito daga narkewar tsohuwar laka da yashi, mai yalwar aluminiyam da farar maika. Giranit na jerin duwatsun aman wuta galibinsa ɗan gida na farko ne.

Shaida ta biyu tana ga sinadaran da ba su da yawa, waɗanda ake aunawa da kashi cikin miliyan. Ruwan da ke barin allon teku yana zaɓen abin da zai ɗauka: yakan kwashi fotasiyam da rubidiyam da bariyam da darma, domin suna narkewa a cikinsa, amma ya bar niyobiyam da tantalam a baya, domin ba su bin ruwa, kuma wani ma'adini da ake kira rutil na riƙe su. Saboda haka duk abin da aka haifa a irin wannan wuri, daga basalti har giranit, yakan zo da yalwar na farkon da ƙarancin na biyun, kuma a kan irin wannan bambanci ne Julian Pearce da abokansa suka gina ma'auninsu na 1984, wanda da shi ake rarrabe giranit na gaɓar nutsewa da na tsakiyar nahiya da na karon nahiyoyi.

Shaida ta uku ita ce ke faɗin rabon da kowane ɓangare ya bayar. Wani nau'in rubidiyam yana rikiɗa sannu a hankali ya zama nau'in sitironshiyam mai lamba 87, tsohon ɓawon nahiya kuwa, da yake yana da rubidiyam da yawa kuma ya daɗe, ya tara wannan nau'i fiye da mantil. In aka gwada mai lamba 87 da mai lamba 86, mantil kan ba da wajen 0.703, tsohuwar nahiya kuwa ta zarce haka nesa. Ronald Kistler da Zell Peterman sun nuna a 1973 cewa giranit ɗin yammacin Siyera Nebada na kusa da awon mantil, na gabas kuwa ya haura 0.706, da haka aka gane inda gefen tsohuwar nahiyar Amurka ya tsaya a binne, ba tare da an haƙa rami ba. Fa'idar wannan awo babba ce, domin giranit ɗin da ya fito daga narkewar tsohon ɓawo sabunta tsoho ne kawai, wanda kuwa asalinsa mantil ne, ƙari ne na haƙiƙa a kan girman nahiya.

Akwai ishkali guda da ya rage. In daga basalti ake tace giranit, abin da ake samu kaɗan ne, tarkacen baƙaƙen ma'adinai da aka bari a ƙasa ya ninka shi sau da yawa. To ina tarkacen? A Kohistan ta arewacin Pakistan, inda karon Indiya da Asiya ya kifar da wani tsohon jerin duwatsun aman wuta na cikin teku har gindinsa ya fito sarari, ana ganin wannan tarkace da ido, baƙi, cike da jan ma'adinin ganet. In ɓawo ya yi kauri ƙwarai, kamar a tsakiyar Andis inda ya kai kilomita 70, tarkacen yakan fi mantil ɗin da ke ƙarƙashinsa nauyi, sai ya ɓalle ya nutse, kuma akwai alamun cewa haka ta faru ga kudancin Siyera Nebada cikin shekara miliyan 10 da suka wuce. Da haka tacewar ta cika: mai nauyi ya koma inda ya fito, maras nauyi ya zauna a sama, shi ya sa matsakaicin awon ɓawon nahiyoyi ya tsaya a silika wajen kashi 60.

Ma'adinai, da abin da ya shafi ƙasarmu

Ruwan da ke ficewa daga giranit lokacin daskarewarsa ba ya fita hannu wofi. Yana fita ne da zafi, ɗauke da gishiri da farar wuta da narkakkun ƙarafa, ya farfasa dutsen da ke bisa, ya zuba kayansa a cikin tsagogi. Ta haka aka sami manyan ma'adanan jan ƙarfe na Cukikamata da Eskondida da El Teniyente, waɗanda suka sa Cile ta fi kowace ƙasa fitar da jan ƙarfe, wajen rubu'in abin da duniya ke haƙowa.

Mu kuma a nan, giranit iri biyu gare mu, tun 1911 J. D. Falconer ya rarrabe su ya kira su tsoho da sabo. Tsohon, irin na Kufena a Zariya da tuddan Idanre, ya samu ne wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, zamanin da wani teku da ke gabas da tsohon ginshiƙin Afirka ta Yamma ya rufe, nahiyoyi suka yi karo. Tarin giranit na Adrar Ifogas a Mali saura ne na gaɓar nutsewar wancan zamani, kuma da yawa daga tsofaffin giranit na Nijeriya suna ɗauke da alamar ƙarancin niyobiyam da muka ambata. Sabon kuwa, wanda ya jeru zobe-zobe daga Azbin, inda ya haura shekara miliyan 400, ya biyo ta Damagaram da Dutse da Riruwai da Jos har zuwa Afu, inda bai wuce wajen miliyan 140 ba, a tsakiyar nahiya aka haife shi, nesa da kowace gaɓar nutsewa, kuma sinadarin nan da giranit ɗin Andis ya rasa shi ne ya yi masa yawa, har ya zama a shekarun 1950 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait, ma'adinin niyobiyam, wanda ake wankowa tare da kuza a tudun Jos.

Ashe ke nan suna ɗaya ba ya wadatar da mai neman sani, domin duwatsu biyu na iya yin kama a ido, magini ya fasa su ya zuba a kankare bai ga bambanci ba, alhali ɗaya ɗan ruwan teku ne da ya nutse, ɗaya kuma ɗan zafin tsakiyar nahiya, kuma abin da kowannensu ya ɓoye na arziki ya bi nasabarsa. Wanda ya san wannan ya san inda zai sa ran jan ƙarfe da inda zai sa ran kuza tun bai kafa diga ba, wanda bai sani ba kuwa sai ya jira baƙo ya zo ya gaya masa abin da ke ƙarƙashin gonarsa. Saboda haka karatun duwatsu na cikin ilmin da ya wajaba a sami masu tsayuwa da shi a cikin kowace al'umma. A babi na gaba za mu duba abin da rana da damina ke yi wa giranit bayan ya fito sarari, yadda feldisfa ke ruɓewa ya zama yumɓu, kwats ya zama yashi, da yadda ƙasar noma ke samuwa daga gare su.